Makarantar jarida a Accra ko tashar kanki a waya: abin da na auna wa 'yar ƙanwata

'Yar ƙanwata ta gama sakandare bana, sakamako ya fito da kyau, uwarta kuma ta kwashi adashi ta ajiye mata 'yan kuɗi. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta same ni a ƙofar gida a Aboabo, unguwarmu a Kumasi, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce: "Kawu, shawara na zo nema. Kuɗin nan ba za su yi abu biyu ba. Ko in tafi Ankara in karanci aikin jarida, ko in sayi waya mai kyau da fitila da makirfo in buɗe tashata. Amma ƙawayena sun ce duka biyun ɓata lokaci ne, wai na'ura ta kusa karɓe aikin." Ankara, ga wanda ba ɗan Zango ba, haka mu mazauna unguwannin Hausawa a Ghana muke kiran Accra.

Na ce ta ba ni mako guda. Na daɗe ina aikin rediyo a Kumasi, mafi yawa a teburin labarai, kuma abin da ƙawayenta suke ji a bakin mutane ni a kan teburina na gan shi. Na rubuta abin da na gaya mata ne domin na san ba ita kaɗai ce a Zango take tsaye tsakanin hanyoyin nan biyu ba.

Ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ta daɗe da shiga ɗakin labarai. Tun 2014 kamfanin dillancin labarai na Associated Press a Amurka ya bar manhaja tana rubuta masa rahotannin ribar kamfanoni, daga kusan 300 a kowane wata uku suka haura 3,000. Abin da ya girgiza kowa shi ne fitowar ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba 2022, lokacin da abin ya bar hannun manyan kamfanoni ya faɗo cikin wayar kowa. A watan Yunin 2023 jaridar Bild ta Jamus ta sanar da rage ma'aikata kusan 200, ta kuma gaya wa sauran cewa ayyuka irin na masu gyaran rubutu da masu tace hotuna ba za su ci gaba da zama yadda aka san su ba.

A wurinmu abin a hankali yake tafiya, shi ya sa wasu ba su lura ba. Da can ƙarfe huɗu da rabi na asuba nake isa ofis, in ɗauko labaran Ghana News Agency da na manyan jaridu, in zauna da biro ina mayar da su Hausa kafin a karanta ƙarfe shida. Mu uku ne a teburin. Yau wani yaro da muke aiki tare yakan zuba labari a waya, kafin shayinsa ya huce fassara ta fito, sai dai gyara. Ɗaya daga cikinmu ya yi ritaya, ba a ɗauki kowa a madadinsa ba. Babu wanda ya kira taro ya ce na'ura ce ta gaje shi. Kujerar ta yi watanni babu kowa a kai, wata rana aka ɗauke ta aka kai ɗakin baƙi.

Gyaran nan da na ambata kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Wata safiya labari ya zo a kan rikicin fili a wani gari na yankin Ashanti. Kalmar Turanci "stool" da ake kiran kujerar sarautar Asante da ita, ita ce kuma likitoci suke kiran bayan gida da ita, na'urar kuwa sai ta zaɓi ma'ana ta biyu. Saura 'yan mintoci a shiga iska idona ya faɗa kan layin. Duk wanda ya zauna a Kumasi ya san abin da kujera take nufi ga mutanen Manhyia, fadar sarkin Asante, ya kuma san cewa mu 'yan Zango zaman amana muke yi da su tun kaka da kakanni. Da maganar nan ta fita daga bakinmu, da shanu da raguna da manyan dattawa za a je ba da haƙuri. Irin wannan kuskure ba a wurinmu kaɗai yake ba. A farkon 2023 shafin CNET na Amurka ya gyara 41 daga cikin maƙaloli 77 da na'ura ta rubuta masa. A watan Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da take ba masu karatu shawarar su karanta, ashe 10 daga ciki babu su a duniya. Na'urar tana da sauri, tana da daɗin baki, kuma idan ta yi ƙarya da murya ɗaya take yin ta da gaskiya.

To, mu ɗauki hanya ta farko. Makarantar da ta fi suna ita ce Ghana Institute of Journalism, wadda aka kafa a 1959 zamanin Kwame Nkrumah. Yanzu an haɗe ta da makarantar fim da ta harsuna sun zama jami'ar UniMAC. Digiri shekara huɗu ne, sannan shekara guda ta bautar ƙasa. Ga kuɗin makaranta, ga ɗaki a Accra wanda kowa ya san tsadarsa, ga abinci da kuɗin trotro, wato motar haya. Adashin uwarta ba zai kai ƙarshe ba, sai dangi sun sa hannu. Idan kuma ta fito, ba zan ɓoye mata ba, albashin ɗan jarida a yawancin gidajen rediyonmu bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa "soli" ya yi ƙarfi, wato ɗan ambulan ɗin da masu taro suke miƙa wa 'yan jarida da sunan kuɗin mota. Wanda ya saba da soli, a hankali sai aikinsa ya koma ɗauko takardar sanarwa daga ɗakin taro ya sake rubuta ta. Wannan kuwa shi ne aikin da na'ura ta fi iyawa, kuma ba ta karɓar ambulan.

Abin da yara ba su sani ba shi ne aikin jarida ɗakuna biyu ne a gida ɗaya. Akwai ɗakin tebur: fassara, taƙaitawa, sa kanun labari, rubuta sakamakon wasan ƙungiyar ƙwallon Kotoko, mayar da hira rubutu. Duk aikin da yake farawa daga rubutun wani, a nan yake. Nan ne ƙofar da mu muka shigo ta cikinta, nan aka koya mana sana'a, kuma ita ce ƙofar da take ƙanƙancewa. Wannan ya fi damuna fiye da komai, domin idan babu ƙananan ayyukan da ake ba sabon shiga, a ina zai goge kafin ya zama babba?

Ɗaki na biyu shi ne fili, aikin da yake farawa daga ƙafa. Lokacin da gobara ta ci shaguna a Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, a watan Maris 2025, babu wata manhaja da ta san wace 'yar kasuwa ce ta sauke kaya da bashi kwana biyu kafin wutar. Sai wanda ya je, ya tsaya cikin hayaƙi, ya yi mata jaje da harshenta har ta yarda ta buɗe baki. Erastus Asare Donkor, ɗan jaridar nan da ke aiki daga Kumasi, sunansa ya fito ne saboda shiga dazuzzuka da bakin koguna yana nuna ɓarnar galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, da idonsa. Binciken da Anas Aremeyaw Anas ya fitar a 2018 kan cin hanci a harkar ƙwallon ƙafa har hukumar ƙwallon ƙasa ya kayar. Na'ura tana iya taƙaita labarin bayan ya fito, amma kafin ya fito babu shi a ko'ina da za ta ɗauko. Sai dai filin nan yana da farashi mai ɗaci. Ahmed Hussein-Suale, abokin aikin Anas, an harbe shi har lahira a unguwar Madina da ke Accra ranar 16 ga Janairu 2019. Na faɗa wa yarinyar nan wannan a gaban uwarta, domin bai kamata a zaɓi hanya ba tare da an san inda ramukanta suke ba.

Me makaranta take bayarwa da waya ba ta bayarwa? Sanin doka, na farko. An soke dokar ɗaure mutum kan ɓata suna a 2001, amma har gobe ana iya maka ka a kotu a nemi diyya, kuma sashe na 208 na dokar manyan laifuka kan yaɗa labarin ƙarya yana nan, an kama mutane da shi. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, wadda ke ba ka damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ka nemi takardu. 'Yan jaridar The Fourth Estate, wata kafar binciken ƙwaƙwaf a Ghana, sun yi amfani da ita sosai. Sannan akwai horon da edita yake yi maka, ya mayar maka da labarinka ya ce waye ya faɗa, waye na biyu da ya tabbatar, ka ji ta bakin wanda ake zargi? Akwai kuma sabon reshe da na'urar ce da kanta take ƙara masa kasuwa, wato tantance gaskiyar labari, irin aikin GhanaFact da Dubawa. Kullum ana ƙara samun murya da hoton bogi suna yawo a WhatsApp ɗin iyayenmu, kuma masu tantancewa da suka ji Hausa ba su da yawa a ƙasar nan.

Wani abu kuma. Mu mun taso ne da mafarkin wata rana a ji muryarmu a sashen Hausa na BBC, wanda ya fara tun 1957, ko Muryar Jamus, ko Muryar Amurka. A watan Maris 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, shirye-shirye suka tsaya. Wannan siyasa ce, babu hannun na'ura a ciki, amma ya isa ya nuna wa yaro kada ya gina dukan rayuwarsa a kan ƙofa ɗaya.

Hanya ta biyu tana da abin da yake jan hankali, kuma ban raina ta ba. Ba ta neman takardar shaida, ba ta neman a san wani babba. Yau ki ɗauka, yau ki saka. A nan na'ura abokiyar aiki ce ta gaske: tana share hayaniyar pragya, babur mai ƙafa uku, daga cikin murya, tana yanke inda aka yi shiru, tana sa rubutun Turanci a ƙasan bidiyon Hausa, tana tsara hoton gaba. Aikin da a da sai an biya mai tacewa a Adum, yanzu yarinya za ta yi shi a kan tabarma kafin sallar isha'i. Wode Maya, mai tashar YouTube, ya nuna cewa ɗan Ghana da kyamara ɗaya zai iya tara masu kallo fiye da miliyan.

Amma a duba lissafin. YouTube ba ya fara raba miki kuɗin talla sai kin tara mabiya 1,000 da awanni 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Ko kin kai can, abin da ake biya ya danganta da inda masu kallonki suke, kuma kallon mutumin Asawase a nan Kumasi ba ya kawo abin da kallon mutumin Amurka yake kawowa. Kafin nan ke ce mai sayen data, ke ce mai neman inda za ki yi caji ranar dumsor, wato ranar da aka ɗauke wuta. Babu albashin ƙarshen wata, babu mai zuba miki kuɗin fansho na SSNIT, kuma tashar da kika yi shekara uku kina gini ana iya rufe ta cikin dare ɗaya ba ki da ofishin da za ki je ki yi kuka.

Sauƙin nan da na'ura ta kawo miki, ta kawo wa kowa. Mutum ɗaya yanzu yana iya fitar da bidiyo goma a rana ba tare da ya nuna fuska ko ya buɗe baki ba: na'ura ta rubuta, na'ura ta karanta, na'ura ta zana. Labaran annabawa, tarihin sarakuna, sirrin arziki, maganin gargajiya, duk sun cika wuri. Abin ya yi yawa har YouTube ya wajabta tun 2024 a riƙa bayyana bidiyon da aka ƙirƙira ya yi kama da gaske, a Yulin 2025 kuma ya ƙara fayyace cewa ba zai biya kuɗi kan bidiyoyin da ake bugawa kamar bulo ba. Duk wanda shirinsa shi ne ya zauna a ɗaki yana tattaro abin da wasu suka faɗa yana maimaitawa, yana gasa ne da abokin hamayyar da ba ya barci. Kin ga ke nan tashar waya ma ɗakuna biyu ce, daidai da gidan jarida.

Waɗanda na ga suna cin abinci da wannan sana'a a Zango, kaɗan ne suke dogara da kuɗin YouTube. Mai atamfa a kasuwar Kejetia ce take turo musu MoMo, wato kuɗi ta waya, su tallata mata kaya. Ana kiransu ɗaukar biki da suna da walimar saukar Alƙur'ani da Maulidi. 'Yan'uwanmu da ke Hamburg da Bronx suna son su ga layin gidansu, su ga an ɗaura auren ƙanwarsu, su ji wa ya rasu. Duk wannan kuɗin amana ne: an san fuskarki, an san gidanku, an yarda ki shiga tsakar gida da kyamara inda baƙo ba zai shiga ba. Amanar nan kuma ita ce take iya zama miki nauyi. Ga 'ya mace a Zango, kalma ɗaya da aka yanke daga bidiyonki aka yaɗa ta isa ta kai har gaban iyayen wanda zai aure ki, kuma yanzu ana iya ɗaukar fuskarki da muryarki a haɗa abin da ba ki taɓa yi ba. A gidan rediyo akwai edita da zai tare ki kafin ki yi kuskure, akwai manaja da zai je ofishin 'yan sanda tare da ke. A tasharki ke kaɗai ce.

Akwai wata inuwa da muke fakewa a ciki, dukan hanyoyin biyu, ita ce harshenmu. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, Twi sai 2022, ko da yake kamfanin ya buɗe cibiyar binciken AI a Accra a 2019. Hausar da na'ura ta koya ta littafi ce da ta gidajen rediyon waje, mai kama da ta Kano. Tamu ta Zango daban take. Mukan ce "ya zo" ko mace muke nufi, mukan tsoma Twi da Turanci a tsakiyar magana, kuma yawancinta ba a rubuce take ba, a baki take. Idan ka ba na'ura hirar da ka ɗauka da wata tsohuwa mai koko a Sabon Zango, sai ta dawo maka da abin da tsohuwar ba za ta gane nata ba ne. Wannan ya sa mai gabatar da shiri a Zuria FM a nan Kumasi ko Marhaba FM a Accra, wanda masu saurare suke bugo masa waya suna kiransa da laƙabinsa, bai cikin waɗanda za a fara taɓawa. Amma na gaya mata kada ta shimfiɗa tabarma a inuwar nan. Hausar na'ura ta bana ta fi ta shekaru uku da suka wuce nesa ba kusa ba, na gani da idona, kuma akwai masu bincike a Ghana da Najeriya da suke aiki dare da rana a kan harsunanmu.

Da mako ya cika ta dawo, na ce mata ra'ayina shi ne makaranta, kuma ga dalili. Kuɗi kaɗan ne, sai a sa su a abin da yake ƙara tsada, a bar wanda yake ƙara araha. Tace bidiyo, gyaran murya, kyawun hoto, duk suna arahawa kowace shekara, wayar da take hannunta ma ta isa ta fara. Abin da yake tsada shi ne iya gano gaskiya, iya sa mutum ya yi magana, sanin inda doka ta tsaya, da sunan da idan an ji shi za a ce ai ita ba ta faɗin abin da ba ta tabbatar ba. Ana iya koyon wannan ba tare da makaranta ba, na san waɗanda suka yi, amma da wuya, kuma kuskuren koyo a bainar jama'a ake yin sa. Sharaɗina guda biyu ne. Kada ta je da niyyar zama mai karanta labarai a gaban kyamara ko mai zaman tebur. Kuma tun daga shekarar farko ta buɗe tashar da tsohuwar wayarta, ta riƙa saka abin da ta gano a unguwa, domin ranar da ta gama kada ta fito da takarda kawai tana jiran wanda zai ɗauke ta.

Da wani ne ya tambaye ni, da amsar ta iya bambanta. Wanda yake da sana'a a hannu, tela ne, mai gyaran waya ne a Adum, mai dafa waakye, wato shinkafa da wake, ce da aka sani, malami ne da ya yi karatu mai zurfi, wannan ba ya bukatar shekara huɗu a Accra. Abin da zai nuna yana hannunsa, na'ura sai dai ta taya shi shiryawa, tashar kuma za ta kawo masa masu saye ko ɗalibai ko da YouTube bai biya shi ko sidi ɗaya ba. Haka wanda gidansu ba za su iya ɗaukar nauyin Accra ba sai da bashi mai nauyi, gara ya nemi gidan rediyo a nan Kumasi ya shiga a matsayin mai koyo, ya manne wa ɗan rahoton da yake fita, ya yi difloma daga baya idan hali ya yi.

Kafin a biya ko kuɗin fom, na ba ta aiki. Na ce ta bi bakin rafin Aboabo, inda ruwa yake shiga gidaje duk damina, ta yi hira da mutum biyar, ta dawo ta gaya mini abu ɗaya da ban sani ba. Ta yi kwana uku tana zuwa. Ranar farko babu wanda ya yarda ya yi magana sai da wata dattijuwa ta gane ko jikar wace ce. Ta dawo da muryoyi shida a waya da ƙafa duk taɓo, tana cewa: "Kawu, akwai matsala. Mutum biyu sun ce an zo an yashe magudanar bara, uku sun rantse ba a taɓa ta ba, ɗaya kuma ya ce an yashe amma an bar sharar a gefe ruwa ya mayar da ita." Na tambaye ta wanne za ta saka. Ta yi shiru, sannan ta ce ba za ta saka ko ɗaya ba tukuna, ranar Litinin za ta je wurin ɗan majalisar unguwa ta ji ranar da aka yi aikin da kuma wanda aka ba kwangilar.